BABI NA UKU: TASIRIN LASIFIKA DA IYAFIS DA YANAYIN KWANCIYA A KAN SAURARON ƁOYAYYEN SAƘO CIKIN BARCI

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai duba hanyar da sauti yake bi tun daga na'urar da ke fitar da shi har ya isa kunnen mutumin da ke kwance, da kuma abin da yake samun sautin a kan wannan hanya. An ɗauki garin Dutse da garuruwan da ke kewaye da shi, kamar su Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, a matsayin farfajiyar bayani. Masu sayar da abin da ake kira ɓoyayyen saƙo sukan ce wa wanda bai ga amfaninsa ba, laifin daga na'urarsa ne ko daga yadda yake kwanciya. Saboda haka ya wajaba a tantance abin da na'ura da kwanciya suke iya canzawa, da kuma abin da ba su da iko a kansa.

3.1 Ma'anar Ɓoyayyen Saƙo

A wannan nazari, ɓoyayyen saƙo na nufin maganar da aka naɗa a kaset ko a waya ta yadda mai sauraro ba zai san an yi ta ba, amma ana da'awar cewa ƙwaƙwalwarsa za ta ɗauka ta yi aiki da ita. Mafi yawa ana rage ƙarfin maganar ne ƙwarai, sannan a lulluɓe ta da kiɗa ko ƙarar ruwan sama. Wasu kuma sukan ɗaga muryar zuwa wani kaifi da kunne ba ya iya rarrabe kalmomi a cikinsa, wasu su juya maganar ta koma baya da baya.

Wanda ya yayata wannan tunani shi ne wani ɗan talla Ba'amurke mai suna James Vicary. A shekarar 1957 ya yi da'awar cewa ya riƙa walƙata umarnin a sayi Coca-Cola da gugguru a majigin wani gidan silima da ke jihar New Jersey, cikin saurin da ido ba ya kamawa, kuma wai ciniki ya ƙaru. A shekarar 1962 ya amsa da bakinsa cewa dabara ce ta neman kasuwa, ba wani sahihin bincike a bayanta. Duk da haka zancen bai mutu ba. A shekarun 1980 kaset-kaset irin waɗannan sun zama babbar haja a Amurka, ana sayar da su don ƙara kaifin hadda ko daina shan taba ko rage ƙiba. A yanzu sun koma dandalin YouTube, inda duk ɗalibin da ke da waya da data zai iya saukar da su.

Ya kamata a bambanta wannan da wani abu mai kama da shi, wato koyo cikin barci. A nan maganar ba a ɓoye take ba, wanda ke farke yana jin ta sarai, barci ne kawai ya raba mai ita da saninta. Tun a shekarar 1927 wani mutum a birnin New York mai suna Alois Saliger ya ƙera na'urar da take karanta wa mai barci magana da dare. Wannan nau'i na biyu shi ne ya fi kusa da abin da aka saba da shi a ƙasar Hausa.

3.2 Kwana da Sauti a Dutse

Kwana da rediyo a gefen matashin kai tsohuwar ɗabi'a ce ga magidanta a ƙasar Hausa. Da rikoda ta wadatu sai kaset ɗin karatun Alƙur'ani da na wa'azi suka shigo ɗakunan kwana. Lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991 aka mai da Dutse babban birninta, zamanin kaset ne sosai. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya daga shekarar 2001, bayanta kuma memori ya kori kaset, har tura karatu da waƙoƙi a waya ya zama sana'ar matasa a bakin kasuwa da tashar mota. Kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a shekarar 2011 ya ƙara wa garin ɗalibai masu yawa, kuma su ne suka fi kwana da iyafis a kunne.

Dalilan masu wannan ɗabi'a sun bambanta. Wani yana neman albarkar karatun ne da natsuwar zuciya, sai ya saki ƙira'ar Husari ko Minshawi ko Alaramma Ahmad Sulaiman ya kwanta. Wani ya kunna tafsirin marigayi Shaikh Ja'afar Mahmud Adam barci ya kwashe shi. Wannan babi bai shafi hukuncin yin haka a addini ba, fagen malamai ne. Wanda babin ya shafa shi ne mai fatan abin da ake faɗa ya shiga kansa yana barci, kamar mahaddacin da ya bar sura tana maimaituwa har asuba, ko ɗalibin da ya naɗi laccar malaminsa ya kwana da ita a daren jarrabawa.

Akwai bambanci guda ɗaya muhimmi tsakanin kaset da waya wanda ba a cika lura da shi ba. Fuska ɗaya ta kaset mai minti 90 tana ƙarewa ne cikin minti 45, rikoda ta tsaya da kanta, mai barci ya samu sauran daren shiru. Waya kuwa ba ta gajiya, za ta yi ta maimaici har batir ya mutu.

3.3 Lasifika

Lasifika a nan ta haɗa da ta rediyo da ta jikin waya da kuma 'yar ƙaramar nan mai caji da matasa suke kira empi. Abin da ya haɗa su shi ne, sautinsu sai ya ratsa iskar ɗaki kafin ya kai kunne.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Raɗa tana kai kimanin desibel 30, hira ta yau da kullum kuma kimanin 60. A fili inda babu bango, duk lokacin da nisa ya ninku sau biyu, sauti yana raguwa da desibel 6. Alal misali, idan rediyo tana ba da desibel 60 a tazarar mita ɗaya, a mita biyu za ta koma 54, a mita huɗu kuma 48. A cikin ɗaki ragin bai kai haka ba, domin bango yana maido da sauti. Ɗakin siminti mai dandamalin tayil yana amsa kuwwa fiye da ɗakin ƙasa mai rufin azara da labule da tarkace. Wannan lissafi yana da amfani a Dutse saboda a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, mutane da yawa a tsakar gida ko ƙofar gida suke kwana. Rediyon da ta cika ɗaki da hunturu, idan aka fito da ita tsakar gida da bazara sai a ji kamar batirinta ya yi sanyi.

To, idan maganar da ake ji sarai tana raguwa haka, ina ga wadda da ma an binne ta a ƙarƙashin kiɗa? A nan ne wata ƙa'ida ta kimiyyar ji take shigowa, wato danniyar sauti. Sauti mai ƙarfi yana hana kunne jin mai rauni idan kaifinsu ya yi kusa da juna, kuma wannan danniya tun a cikin kunnen take farawa, kafin saƙo ya hau jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Wanda ya taɓa ƙoƙarin yin magana a kusa da injin niƙa ya san haka. Daren Dutse kuma ba shiru ne da shi ba. Akwai janareton maƙwabta idan an ɗauke wuta, akwai fanka idan an kawo, ga motocin da ke bin hanyar Kiyawa, ga kwaɗi da gyare da damina. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya fi ɓoyayyen saƙon ƙarfi nesa ba kusa ba.

Daɗin daɗawa, ita kanta na'urar tana tace abin da take fitarwa. Kunnen yaro mai lafiya yana jin sauti daga mai karkarwa 20 a daƙiƙa zuwa mai karkarwa 20,000, kuma gefen sama yana raguwa yayin da shekaru suke ƙaruwa. Lasifikar jikin waya ƙarama ce ƙwarai, ba ta iya fitar da sauti mai kauri, shi ya sa muryar babban mutum take fitowa siririya a cikinta. Abin da ya fi wannan ɗaukar hankali shi ne tsarin matse sauti na MP3, wanda aka tabbatar da shi a matsayin ƙa'idar duniya a farkon shekarun 1990, kuma cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus ta taka babbar rawa wajen samar da shi. Dabarar wannan tsari ita ce ya gano sassan sautin da wani sauti ya danne, waɗanda kunne ba zai ji ba, ya rage su ko ya zubar da su don fayil ya yi sauƙi. Ke nan abin da mai ɓoyayyen saƙo ya ɓoye shi ne ainihin abin da aka tsara injin matsewa ya fara sadaukarwa. Fayil ɗin da aka ɗora a intanet, aka sauko da shi, aka sake matse shi don ya shiga ƙaramin memori, ya bi ta rariya fiye da ɗaya.

Amfanin lasifika shi ne ba ta taɓa jikin kunne, kuma da wuya a ƙure ta da dare har ta yi wa ji lahani, don mutanen gida ba za su bari ba. Aibinta shi ne ba ta zaɓen mai sauraro. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 1999, an ce don barci ya yi kyau bai kamata ƙarar da ke ɗorewa a ɗakin kwana ta wuce desibel 30 ba. Karatun da za a iya rarrabe kalmominsa daga kan tebur ya wuce wannan. A gidan da uwa da 'ya'ya huɗu suke ɗaki ɗaya, ko a ɗakin ɗalibai, mutum ɗaya ne yake neman ilimi cikin barci, saura kuwa barcinsu ake ci.

3.4 Iyafis

Iyafis ya kawar da matsalar nisa da ta amsa kuwwa, domin yana zuba sauti kai tsaye cikin ramin kunne, 'yan santimita kaɗan daga dodon kunne. Mai robar da ke toshe rami yana kuma rage ƙarar waje. Saboda wannan ne masu ɓoyayyen saƙo suke yawan ba da shawarar amfani da shi. Sai dai iyafis yana kusanto da kiɗan da saƙon ne baki ɗaya. Idan kiɗan ya fi maganar ƙarfi da wani adadi a cikin fayil, haka zai fi ta a cikin kunne, ko an ƙara murya ko an rage. Na'urar ba ta da hanyar ciro abin da aka binne.

Akwai nau'in sauti guda ɗaya da ba ya yiwuwa sai da iyafis, wato bugun kunne biyu, wanda ake yawan gauraya shi da ɓoyayyen saƙo. Idan aka ba kunnen dama sauti mai karkarwa 200 a daƙiƙa, aka ba na hagu mai 204, mai sauraro zai ji kamar wani abu yana bugawa sau huɗu a daƙiƙa a tsakiyar kansa. Wani Bajamushe mai suna Heinrich Dove ake jingina wa gano wannan a shekarar 1839, sannan Gerald Oster ya sake fito da shi a wata maƙala a 1973. Bugun gaskiya ne, a cikin ƙwaƙwalwa yake haɗuwa. Amma da'awar cewa yana buɗe ƙofar zuciya don saƙo ya shiga ba ta da hujja. Kuma da zarar kunne ɗaya na iyafis ya fita, abin da yake faruwa ga kusan duk mai juyi a barci, bugun ya ƙare.

Babban abin dubawa game da iyafis shi ne lafiyar kunne, kuma a nan lissafi ya fi dogon bayani. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka fitar a shekarar 2019 ta nuna cewa babban mutum zai iya sauraron desibel 80 har tsawon awa 40 a mako ba tare da fargabar lahani ba, yaro kuma desibel 75. Duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci gida biyu, wato a 83 awa 20 ne, a 86 awa 10, a 89 kuwa awa 5 kacal. Wanda yake kwana awa 8 da iyafis kullum ya tara awa 56 a mako, ba a ma sa sauraron da ya yi da rana ba. Idan kuma ya ƙara murya don ya danne janareton maƙwabci har ta kai 89, to a dare ɗaya ya cinye rabonsa na mako har da ƙari. Mai barci ba ya jin gajiyar kunne balle ya rage. 'Yan ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kunne masu mai da motsin sauti saƙon jijiya, idan suka mutu ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Alamar farko ita ce mutum ya tashi yana jin kunnensa na ƙugi ko kamar an toshe shi da auduga.

Bayan wannan akwai ƙananan illoli. Toshe kunne dare guda a lokacin zafi yana tara gumi da danshi, abin da ƙwayoyin cuta suke so, kuma robar tana tura dattin kunne ciki. Karɓa-karɓar iyafis tsakanin abokai, wadda ta zama ruwan dare a ɗakunan ɗalibai, tana ƙara wannan haɗari. Mai waya yana iya naɗe wuyan mai juyi. Sannan ga ɗabi'ar jona waya a caji a kwanta da ita, saboda sau da yawa da dare ake samun wuta. Idan cajar jabu ce, wutar gida tana iya bi ta cikinta ta kai ga jikin mutum. Wani abu kuma da bai kamata a raina ba shi ne, wanda ya toshe kunnuwansa biyu ba zai ji kukan yaro ko bugun ƙofa ko kiran sallar asuba ba.

3.5 Yanayin Kwanciya

Bahaushe ya san kwanciya iri uku, rigingine da rub-da-ciki da kuma ta gefe. Ga Musulmi, waɗanda su ne mafi rinjaye a wannan yanki, kwanciya a gefen dama sunna ce da ta zo a ingantaccen hadisi, ana kuma hana yara rub-da-ciki tun suna ƙanana. Saboda haka kwanciyar gefe ce ta fi cancantar a tsaya a kanta.

Wanda ya kwanta a gefen dama ya danne kunnensa na dama a kan matashi. Idan da lasifika yake sauraro, kunnen hagu ne ya rage masa. Matashin auduga ko na soso yana shanye sauti mai kaifi fiye da mai kauri. Haka kuma kan mutum kansa shinge ne, domin sautin da karkarwarsa ta haura kimanin 1,500 a daƙiƙa ba ya iya zagaye kai da sauƙi, sai ya isa kunnen da ke ɗaya gefen a raunane. Mayafi ma yana yin irin wannan aiki, kuma da hunturu a Dutse mutane har kai suke lulluɓa.

Ga mai nazarin harshen Hausa wannan batu yana da ban sha'awa. Baƙaƙe irin su s da sh da f da ts a sashen sama na sauti suke zaune, wasula da karin sauti kuwa a sashen ƙasa. Idan matashi da mayafi suka shanye sashen sama, abin da yake saura shi ne hawa da saukar murya da tsawon wasali. Kalmomin “fara” da “tsara” a cikin “ya fara aiki” da “ya tsara aiki” karinsu ɗaya ne, tsawon wasulansu ɗaya ne, baƙin farko kaɗai ya raba su, kuma shi ne yake fara ɓacewa. Abin da ya rage ya yi kama da maganar kalangu, wadda take kwaikwayon karin harshe ba tare da baƙaƙe ba. Kowa ya san cewa wanda ya riga ya san take ko kirari shi ne yake gane abin da kalangu yake faɗa, baƙo kuwa kiɗa kawai yake ji. Haka mahaddacin da ya riga ya san sura zai gane ta ko da daga bayan bango ne, amma wanda bai taɓa karanta ta ba ba zai tsinci komai ba.

Wasu suna cewa kunnen dama ya fi kama magana, don haka kwanciya a kansa asara ce. Asalin wannan zance shi ne binciken Doreen Kimura na shekarar 1961 a ƙasar Kanada, wanda ya nuna cewa idan aka ba kunnuwa biyu magana daban-daban a lokaci guda, yawancin mutane sun ɗan fi kama ta dama. Rinjayen ƙarami ne, kuma a lokacin gasa tsakanin kunnuwa biyu yake bayyana. Kowane kunne yana aika saƙo zuwa ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwa. Babu dalilin da zai sa mutum ya canza kwanciyarsa saboda wannan.

Idan da iyafis ne, kwanciyar gefe tana tura na ƙasa ciki ya ƙara toshewa, ya kuma danne guringuntsin kunne na tsawon awoyi, musamman a kan tabarma inda babu taushin katifa. Rigingine ita ce take barin kunnuwa biyu a buɗe daidai, amma ita ce kuma ta fi jawo minshari, wanda ƙararsa kan kai ta hira, a kuma kusa da kunnen mai shi. A kowane hali, mai barci yana juyi sau da yawa cikin dare ba tare da saninsa ba, don haka kwanciyar da ya zaɓa da farko ba ita ce zai wayi gari a cikinta ba.

3.6 Abin da Yake Isa Ƙwaƙwalwa

A ɗauka an samu na'ura mai kyau da ɗaki shiru da kwanciya daidai. Shin saƙon zai yi aiki?

Dangane da ɓoyayyen saƙo, Merikle (1988) na Jami'ar Waterloo ta Kanada ya auna wasu kaset-kaset na kasuwa da na'urar zana sauti, bai ga alamar magana a cikinsu ba, masu sauraro kuma suka kasa bambanta su da kaset ɗin da babu saƙo. Greenwald da abokan aikinsa (1991) sun yi gwajin da ya fi shahara. Sun raba wa mutane fiye da 200 kaset na ƙara hadda da na ƙara yarda da kai, amma suka musanya takardar jikin wasu ba tare da masu sauraro sun sani ba. Bayan wata guda, babu kaset ɗin da ya haifar da abin da aka ce zai haifar. Sai dai fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen sun yi imani cewa sun inganta, kuma a fannin da aka rubuta a takarda, ko da ba shi ne a cikin kaset ɗin ba. Wato abin da ido ya karanta a farke shi ne ya yi tasiri.

Dangane da koyo cikin barci, Simon da Emmons (1956) sun riƙa karanta wa mutane tambayoyi da amsoshi da dare, suna lura da igiyar ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Da safe, abin da mutanen suka tuna shi ne abin da aka karanta a lokacin da suke farke ko suke gyangyaɗi. Na lokacin barci na haƙiƙa bai zauna ba. Wannan ba ya nufin kunne yana rufewa. Oswald da Taylor da Treisman (1960) sun nuna cewa mai barci ya fi motsawa idan aka ambaci sunansa fiye da sunan wani. Ƙwaƙwalwa tana gadi, tana tantance abin da ya kamata ya tashe ta, amma ba ta ajiye sabon darasi. A ra'ayin mai wannan nazari, wannan gadi shi ne ya sa murya mai magana ta fi ƙarar fanka hana barci nauyi.

Inda aka samu sakamako shi ne wajen tunatar da ƙwaƙwalwa abin da ta riga ta koya. Rudoy da abokan aikinsa (2009) a Jami'ar Northwestern ta Amurka sun koya wa mutane 12 gurbin hotuna 50 a fuskar kwamfuta, kowane hoto da sautinsa, kamar kyanwa da kukanta. Da suka shiga barci mai nauyi sai aka sake musu 25 daga cikin sautukan a hankali. Da suka farka sun fi tuna gurbin waɗannan 25 ɗin, alhali ba su san an kunna komai ba. Schreiner da Rasch (2015) a ƙasar Suwizalan sun samu irin wannan ga Jamusawan harshe da aka koya wa kalmomin Holanci kafin su kwanta. Kalmomin da ba a koya musu a farke ba, kunna su cikin barci bai amfana ba. A wani gwajin na wannan shekara an gano cewa idan aka biyo kalmar da fassararta nan take, amfanin yana gushewa, domin ƙwaƙwalwa tana bukatar ɗan shiru bayan kowace tunatarwa. Lacca mai zuba ba tsayawa ba ta ba da wannan shiru.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Barci yana zagayawa ne kimanin kowane minti 90, kuma barci mai nauyi, wanda aka yi waɗannan gwaje-gwaje a cikinsa, ya fi yawa a kashin farko na dare. A ɗakin bincike akwai mai lura da na'ura, yana kunna sauti idan barci ya yi nauyi, yana kashewa da zarar mutum ya motsa. Da Göldi da Rasch (2019) suka mai da gwajin gida inda babu mai lura, sai aka ga waɗanda sautin ya dami barcinsu ba su amfana ba, waɗanda bai dama ba ne kaɗai suka ƙaru.

Idan aka dubi tsangayun ƙasar Dutse da Birnin Kudu da wannan ido, za a ga tsarinsu ya fi na iyafis kusa da abin da bincike ya tabbatar. Almajiri yana biya allonsa da dare a farke, da bakinsa, a gaban hasken wuta, sannan ya kwanta ba tare da wata na'ura ba, da asuba kuma ya tashi ya sake biyawa kafin malam ya ba shi izinin wankewa. Tun a shekarar 1924 Jenkins da Dallenbach suka gwada ɗalibai biyu a Jami'ar Cornell, suka ga abin da aka haddace aka kwanta a kansa ya fi zama bayan awa 8 fiye da abin da aka haddace da safe aka shiga harkokin rana.